Sai Ka Riƙe Hoton a Hannu Kafin Ka Yanke Masa Farashi

Tambaya: Wani mai ɗaukar hoto ya rubuto cewa ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan tsaunuka da koguna da faɗuwar rana da kyamara mai megafiksel 24, kuma yanzu an ba shi teburi da ɗan bango a wani baje koli da za a yi nan da wata biyu. Bai taɓa sayar da bugaggen hoto ba. Yana son sanin yadda zai shirya hotunan domin bugawa, da yadda zai sa musu farashin da ba zai cuci kansa ba kuma ba zai kori masu saye ba.

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya. Ka raba ta gida biyu, shiri daban farashi daban, kuma na lura farashin ne ya fi damunka. Ni kuwa da shirin zan fara, domin ba za ka iya sa wa hoto kuɗi ba alhali ba ka san nawa ya ci kafin ya isa hannun mai saye ba, kuma ba za ka san hakan ba sai ka buga shi, ka ɓata takarda biyu ko uku, sannan ka riƙe wadda ta yi daidai a hannunka. Abin da ke cikin kwamfutarka fayil ne, abin da mutum zai biya kuɗi ya tafi da shi gida kuwa takarda ce da tawada, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya mai nisa wadda yawancin masu farawa suke rainawa.

Ka fara da zaɓe, kuma ka tsananta wa kanka. Hotuna takwas zuwa goma sha biyu sun ishe ka a karon farko, domin kowane hoto da ka ƙara yana jawo nasa kuɗin gwaji da nasa aikin gyara. Hoton da ka tashi tun asuba ka hau dutse cikin sanyi kafin ka same shi yana da wata daraja a zuciyarka wadda ba ta fitowa a takarda, saboda mai saye bai ga wahalarka ba, abin da ke cikin firem kawai yake gani. Dabarar da nake ba kowa ita ce ya buga ƙanana masu araha guda ashirin ko talatin, ya manna su a bangon ɗakin da yake yawan zama, ya bar su mako guda. Waɗanda idonsa ya gaji da su cikin kwana uku ya sauke su. Sau da yawa hoto mai ƙyallin launi wanda ya tara yabo a waya shi ne ke fara ginsar mutum, wani mai sanyin launi da ba a kula shi ba kuma ya zama shi ne ake son zama tare da shi.

Bayan zaɓe sai maganar allo, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne mafi yawan bugun farko yake lalacewa. Allon kwamfuta daga cikinsa yake fitar da haske, takarda kuwa aron haske take yi daga ɗakin da aka rataye ta. Yawancin alluna suna zuwa daga kamfani da ƙarfin haske mai yawa, sau da yawa sama da kandela 250 a murabba'in mita (kandela ma'aunin ƙarfin haske ce), alhali masu shirya hoto domin bugawa suna saukar da shi zuwa tsakanin 80 da 120. Idan ka gyara hoto a kan allo mai ƙarfin haske, za ka ga inuwar kwari cike da bishiyoyi da duwatsu, ka ɗauka komai ya zauna, amma a takarda duk wannan ya koma baƙi ƙirin. Ni kaina haka ta faru da ni a bugu na farko. Na koma wurin masu bugawa ina ƙorafin sun duhunta mini hoto, sai mutumin da ke kula da firintar, ba tare da ya yi musu da ni ba, ya ɗauko farar takarda ya riƙe ta kusa da allon kwamfutata wanda ya buɗe a kan farin shafi. Allon yana walƙiya kamar fitila, takardar kuwa ta yi dishi-dishi a gefensa. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban ƙara ba. Gwajin nan za ka iya yin sa yau a ɗakinka: farin allo da farin takarda su yi kusa da juna a haske, in ba haka ba allonka yana ruɗin ka.

Gyara na haƙiƙa shi ne na'urar daidaita allo, irin waɗanda kamfanonin Calibrite da Datacolor suke yi, wadda ake ɗora wa allo ta auna launukansa ta gyara su. Ka saita farin allo a kelbin 6500 (ma'aunin ɗumi ko sanyin farin haske), gama kuma, wato yadda allo yake raba haske da duhu, a 2.2, hasken a wajen kandela 100, sannan ka maimaita aunawar kamar sau ɗaya a wata domin allo yana sauyawa da tsufa. In ba ka da halin sayen na'urar, ka ara, domin aikin minti goma ne.

Abu na gaba shi ne bayanin launi da ake kira ICC. Kowane haɗi na firinta da tawada da takarda yana da iyakar launukan da zai iya fitarwa, kuma wannan iyaka tana rubuce a cikin wani ɗan fayil da masu bugawa na kirki suke bayarwa kyauta, ko kuma a same shi a shafin kamfanin takardar. Manhajojin gyaran hoto Lightroom da Photoshop duk suna da wurin da ake loda shi domin allo ya kwaikwayi yadda takardar za ta fito. Kada ka firgita idan ka kunna wannan kwaikwayo ka ga hoton ya dushe, musamman a takarda marar sheƙi, domin gaskiyar takarda ke nan. A hotunan ƙasa launuka uku ne suka fi ba da wahala: shuɗin sama mai zurfi wanda yakan karkata zuwa shunayya, koren ganye sabo wanda yakan mutu, da jan faɗuwar rana wanda yakan dunƙule ya zama faci guda ba tare da wani daki-daki a cikinsa ba. Manhajar za ta ba ka hanya biyu na shigar da launukan da suka fi ƙarfin takarda: ɗaya tana matse dukkan launukan hoton tare domin dangantakarsu ta tsaya, ɗayar kuma tana barin waɗanda suka samu shiga yadda suke ta datse waɗanda suka yi waje. Babu wadda ta fi a kowane hali, ka gwada duka biyun a kan kowane hoto ka bar idonka ya yanke. Kuma ka yi wannan gyara a kan kwafi, ka ajiye asalin fayil ɗinka yadda yake, domin gobe za ka iya sauya takarda.

Game da girma, lissafin ba shi da wuya. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel (ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto) 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. A ma'aunin fiksel 300 cikin inci guda, wanda shi ne aka saba nema ga hoton da za a riƙe a hannu, wannan ya ba ka inci 20 da 13 da ɗoriya, wato kusan santimita 51 da 34. Idan ka sauko zuwa fiksel 200, za ka kai inci 30 da 20, kuma hoto mai wannan girma ba a kallonsa da hanci a jikin gilashi, daga nesa ake tsayawa, saboda haka ragin ba ya bayyana. Ke nan girman takarda na A3 da A2 duk suna hannunka ba tare da wata fargaba ba, muddin ba ka yanke hoton da yawa ba kuma tun asali ya fito da kaifi. Fayil ɗin da ya ɗan girgiza lokacin ɗauka kuwa, yawan fiksel ba zai cece shi ba, girman takarda tona masa asiri kawai zai yi.

Daga nan sai ka zauna ka bi kowane hoto a cikakken girmansa, kusurwa zuwa kusurwa, kamar mai tsintar tsakuwa. Ƙurar da ke kan sensar kyamara, wato ɗan faifan cikinta da yake kama hoto, tana fitowa a matsayin ɗige-ɗige masu duhu a sararin sama, musamman da yake masu hoton ƙasa suna yawan ƙuntata ƙofar hasken kyamara, kuma ɗan hakin da ka raina a allo shi ne zai tsone maka ido a takardar A2. Ka duba bakin tsauni inda ya haɗu da sama, domin a nan ne yawan ƙara kaifi ko yawan duhunta sama yake barin wani farin zare da ke bin gefen dutsen, kuma duk wanda ya san aiki da shi zai fara gane cewa hannu ya yi nauyi. Ka duba sama mai santsi ko ta kasu layi-layi kamar matakala, abin da yakan faru idan an ja launi da ƙarfi a fayil mai bit 8, wato mai ƙarancin matakan launi, shi ya sa ake son a yi gyara daga RAW, ɗanyen fayil ɗin kyamara, a bit 16 mai yalwar matakan launi. Ka tabbatar layin ruwa ya miƙe, domin teku mai gangara ba ta ɓoyuwa a cikin firem mai kusurwa huɗu. Ƙarin kaifi na bugawa shi ne aikin ƙarshe, bayan ka tsayar da girma, kuma takarda marar sheƙi tana buƙatarsa fiye da mai sheƙi saboda tana shan tawada.

Akwai kuma maganar siffa. Yawancin kyamarori suna ba da hoto mai tsarin 3 da 2, takardar inci 8 da 10 kuwa tsarinta 4 da 5 ne, saboda haka idan aka cika ta da hotonka sai kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa ya tafi, wataƙila har da bishiyar da ka jira rana ta faɗo mata. Kada ka bar wa na'ura wannan hukunci. Ka bar hoton a siffarsa, ka zagaye shi da farin gefe na santimita uku zuwa biyar, wanda zai ba ka wurin sa hannu, ya ba mai yin firem wurin kamawa, ya kuma kare hoton daga yatsu.

Takarda da tawada su ne rabin abin da kake sayarwa. Tawada iri biyu ce: ta rini, wadda take narkewa cikin ruwa, mai ƙyalli da araha amma mai saurin kodewa, da ta garin launi, wadda ƙwayoyinta suke zama a kan takarda kuma take daɗewa shekaru masu yawa idan an kiyaye ta daga rana. Cibiyar Wilhelm Imaging Research ta Amurka ta daɗe tana gwada juriyar irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma sakamakonta ne kamfanoni da dama suke kafa hujja da shi. Ga abin da za ka karɓi kuɗin mutum a kansa a matsayin aikin fasaha, ta garin launi nake ba ka shawara. Akwai kuma wanki irin na sinadari a kan takardar hoto kamar Fujifilm Crystal Archive, wanda yake da kyau da sauƙin kuɗi, kuma ba abin kunya ba ne a sayar da shi muddin an faɗa wa mai saye abin da yake saye. A ɓangaren takarda, ta auduga marar sheƙi irin Hahnemühle Photo Rag mai nauyin giram 308 a murabba'in mita tana dacewa da hazo da sanyin safiya da launuka masu taushi, amma baƙinta ba ya zurfi sosai. Takardar barita mai ɗan sheƙi, wadda Canson da Ilford da wasu suke yi, tana riƙe baƙi mai zurfi da launi mai ƙarfi, saboda haka ta fi dacewa da duwatsu masu inuwa da hoton baƙi da fari. Ka yi hattara da takarda mai fari fat har tana ɗaukar ido, domin sau da yawa an zuba mata sinadarin ƙara fari wanda yake mutuwa da shekaru, takardar ta koma ruwan ƙwai. A karon farko ka tsaya a kan takarda ɗaya, in ta matsa biyu, domin hotunanka su zama 'yan gida ɗaya a bango kuma kuɗin gwaji kada ya ninku.

Gwajin kansa ba sai ka buga cikakken hoto ba. Ka yanko tsiri daga wurin da ya fi wuya, inda inuwa mafi duhu da sama mafi haske suka haɗu, a ainihin girman da za a buga, ka jera tsiri uku ko huɗu masu bambancin haske a takarda guda. Ka bar bugun ya kwana kafin ka yanke hukunci, domin tawada tana ɗan sauyawa yayin bushewa, sannan ka kalle shi kusa da taga da rana, ka kuma kalle shi da dare a hasken fitilar ɗaki, tunda a irin wannan hasken zai yi rayuwarsa. Lokacin aika fayil ka tambayi masu bugawa wane tsarin launi suke so, sRGB ko Adobe RGB, ka aika fayil irin TIFF ko JPEG mafi inganci da bayanin launinsa a ciki, kuma ka rubuta musu ƙarara cewa kada na'urarsu ta yi wa hoton gyaran kai-tsaye, in ba haka ba duk wahalar da ka sha a kan allo ta tashi a banza.

Firem zan taƙaita shi. Kada hoto ya taɓa gilashi, domin danshi yakan manne su har a rasa yadda za a raba su, shi ya sa ake sa kwalin taga a tsakani, wato kwali mai buɗaɗɗiyar tsakiya da hoton yake leƙowa ta ciki, kuma wannan kwali da na baya su zama marasa asid. Daga sama kawai ake maƙale hoton da tef na musamman domin takarda ta samu damar motsi idan yanayi ya sauya, kuma a bar ta aƙalla awa 24 bayan bugawa kafin a rufe ta. Firem yana cin kuɗi sosai, kuma ɗanɗanon mutane ya bambanta a kansa, saboda haka ka sa wa kaɗan firem mai sauƙin ado domin bango, sauran ka sayar da su cikin kwalin taga da leda mai tsabta, a girman da ake samun firem ɗinsa a shirye.

Yanzu mun iso farashi, kuma ka ga da yawa daga cikin amsar sun riga sun taru a hannunka. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki kuɗin bugawa kawai ya ninka biyu ya ce ya ci riba. Bari mu yi lissafi da lambobi zalla, kai ka sa musu sunan kuɗin da kake aiki da shi. A ce bugun A3 guda ya ci 100. Kason gwaji da takardun da suka ɓaci ya kama 25. Kwalin taga da na baya da leda 40. Takardar shaida da kayan naɗi 15. Kuɗin teburi da sufuri a ce 400 ne, kuma kana sa ran sayar da guda goma, kowane hoto ya ɗauki 40. Uwar kuɗi ta zama 220 tun ba a yi maganar kason da kamfanin katin biyan kuɗi ko shafin intanet zai cire ba, ba a kuma yi maganar lokacinka ba. Wanda ya ninka 100 ya sayar a 200 yana murna, faɗuwar 20 yake yi a kan kowane hoto, kuma yawan cinikinsa yawan asararsa. Abin da aka saba shi ne a ninka cikakkiyar uwar kuɗin sau biyu zuwa uku, wanda a misalinmu zai kai ka tsakanin 440 da 660.

Dalilin da ya sa nake karkata zuwa saman wannan tazara shi ne la'ada. Gidajen baje kolin fasaha sukan ɗauki kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na kuɗin da aka sayar. Idan ka saba wa mutane da 440, ranar da wani gida ya karɓi aikinka za ka tashi da 220, wato da ƙyar kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Idan kuwa farashinka 600 ne, rabinsa 300, ka cire 180 tunda a can babu kuɗin teburi, ka tsira da 120. Kuma ba daidai ba ne hoto ɗaya ya zama da farashi biyu, mai tsada a gidan baje koli da mai araha a hannunka, domin ranar da mai gidan ko wanda ya saya da tsada ya gano, amana ta tafi. Saboda haka tun yau ka yanke farashin da zai iya ɗaukar dillali ko da ba ka da shi tukuna.

Wannan lissafi ƙasan farashi kawai yake nuna maka, samansa kasuwa ce take faɗa. Ka je ka ga abin da takwarorinka suke yi, ina nufin waɗanda suke matakinka, masu girman takarda irin naka, a wuri irin wanda za ka je. Kuma ka kula da abin da aka saya, ba abin da aka rubuta kawai ba, domin kowa yana iya rubuta kuɗin da ya ga dama a ƙarƙashin hoto. A gidajen baje koli ɗan jan ɗigo da ake mannawa kusa da aiki shi ne alamar an saye shi, su za ka ƙirga. Labarin hoton kogin Rhine na mai ɗaukar hoto ɗan Jamus Andreas Gursky da aka sayar dala miliyan 4.3 a gwanjon Christie's a 2011 yana da daɗin ji, amma sunan mai hoton da tarihinsa aka saya, ba shi da abin da zai koya maka game da teburinka. Idan ka tarar kasuwar wurin tana ƙasa da uwar kuɗinka, kada ka karya farashi ka shiga asara, ka rage girman hoto, ko ka sauya takarda, ko ka bar firem, har lissafin ya zauna.

Girma biyu sun isa, in ka ƙara na uku ya zama babba guda ɗaya a bango wanda zai jawo mutane daga nesa, kuma kusa da shi matsakaicin yakan yi wa mai saye sauƙin ɗauka. Daga A4 zuwa A3 filin takarda gaba ɗaya ninkawa yake yi, haka daga A3 zuwa A2, kuma a ganina farashi ya tashi da rabi zuwa ninki guda a kowane mataki. Ƙaramin shi ne ƙofar wanda yake son aikinka amma aljihunsa bai kai ba, sai dai kada ka mayar da shi kyauta, domin araha ba ta ado, kuma mutum yakan yi shakkar abin da ya yi arha fiye da kima. Ka kuma fara a inda za ka iya hawa. Ƙara farashi bayan an saye yana faranta wa masu sayen farko rai, saukar da shi kuwa yana gaya musu cewa an ci su.

Sai maganar iyakance adadi, wadda masu farawa suke rige-rigen shiga. Rubuta 3/25 a ƙasan hoto alkawari ne cewa ba za a taɓa buga fiye da 25 ba, kuma alkawari ne da zai bi ka har tsufa, ko da wannan hoton ne ya zama wanda kowa yake nema. A Faransa dokar haraji ba ta ɗaukar hoto a matsayin aikin fasaha na asali sai wanda mai shi ya buga ko aka buga a ƙarƙashin kulawarsa, ya sa hannu, ya sa lamba, kuma adadin bai wuce 30 ba idan an haɗa dukkan girma da dukkan nau'in takarda. Wannan ya nuna maka cewa mai rubuta 1/500 bai iyakance komai ba. A ɗaya gefen kuma, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Ansel Adams ya buga hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, fiye da sau 1,300, kuma hakan bai zubar masa da daraja ba. Ra'ayina shi ne ka bar ƙananan a buɗe, da sa hannu amma ba lamba, in kuma kana son iyakancewa ka yi ta a babban girma kaɗai, da adadi kaɗan kamar 10 zuwa 25, ka faɗi tun farko ko akwai kwafin gwaji na mai hoto da za ka riƙe, wanda bisa al'adar sana'ar ba ya wuce kashi goma cikin ɗari. Farashin irin wannan yana iya hawa yayin da adadin yake ƙarewa. Ba sai ka buga su duka a rana ɗaya ba, amma dole ka riƙe littafi: lamba nawa, girma nawa, wace takarda, wace rana, wa ya saya.

Ka sa hannu da fensir a farin gefen takarda marar sheƙi, a mai sheƙi kuma da alƙalamin tawadar da ba ta kodewa, ko a bayan hoton. Kowane hoto ya tafi da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa, wurin da shekarar da aka ɗauke shi, irin takarda da tawada, girma, lamba in akwai, da gargaɗin kada a rataye shi inda rana take bugawa ko inda danshi yake. A cikinta ka rubuta cewa haƙƙin mallakar hoton yana hannunka, domin sayen bugu ba ya ba mutum izinin sake bugawa ko amfani da shi a talla, kuma mutane da yawa ba da mugunta suke yin haka ba, rashin sani ne.

Ranar baje kolin ka rubuta farashi a fili kusa da kowane hoto, domin da yawa sukan ji nauyin tambaya su wuce. Idan an nemi ragi, ka riga ka san iyakarka tun daga gida, kamar kashi goma ga wanda ya ɗauki biyu ko fiye, kuma ya fi maka ka ƙara wani abu, irin kai hoto gida ko ƙaramin bugu, da ka taɓa farashin kansa. Kada ka zuba duk jarinka a bugawa: kwafi ɗaya na kowane hoto domin nuni, biyu ko uku na ƙananan waɗanda ka fi sa wa rai, manyan kuma a yi odarsu a ba da rabin kuɗi kafin ka buga. Wanda za a aika nesa, ƙarami ya tafi a shimfiɗe tsakanin kwalaye masu tauri, babba kuma a naɗe shi da takarda mai santsi marar asid a cikin bututun kwali mai faɗin aƙalla inci uku, domin takardar auduga mai kauri tana karyewa idan an matse naɗinta. Kuɗin aikawa a rubuta shi daban.

Wata biyun da kake da su sun isa idan ka raba su haka: mako biyu na zaɓe da daidaita allo, mako biyu na gwaji, mako biyu na bugu da kwali da firem, sauran biyun kuma ka bar su fanko, domin a cikin hotuna goma da wuya a rasa ɗaya da zai dawo da ɗigon ƙura a sama ko lanƙwasa a kusurwa, wanda dole a sake buga shi.